Kalmar "route" da 'yan uwanta na hanya: amsoshin tambayoyin masu karatu

Tambayar farko ta zo ne daga wani matashi da ke aiki a wani kamfanin sufuri a Kano. Ya ce: "Malam, an ba ni sanarwa in mayar da ita Hausa saboda fasinjoji, sai na ci karo da kalmar 'route'. Na rubuta 'titi', abokin aikina ya ce ban yi daidai ba. Ya ƙara da cewa kalmar daga 'root' ta fito, wato saiwa, tunda hanyoyi suna rarrabuwa kamar saiwar itace. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

Ɗana, abokin aikin naka ya faɗi daidai a kan titi, amma ya yi tuntuɓe a kan saiwa. Bari mu fara da tuntuɓen, don shi ya fi sauƙin warwarewa.

Kunne ne ya ruɗe shi. A bakin mutanen Ingila "route" da "root" furucinsu ɗaya, duka biyun "rut" za ka ji, da jan wasali. Sai dai kamannin furuci ba ya mayar da kalmomi 'yan gida ɗaya. Mu ma a rubutunmu, garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo haruffansu ɗaya, babu kuwa wanda zai ce dangi ne. "Root" ta shiga Turanci ne daga bakin mutanen arewacin Turai, kakannin mutanen Norway da Denmark, waɗanda suka riƙa kai wa Ingila hari ta teku har wasunsu suka zauna a can. Ita kuwa "route" ta kudu ta ɓullo. Faransanci ne ya ba Turanci ita, shi kuma ya gaje ta daga Latin, harshen Rumawan da.

A Latin ana cewa "via rupta". "Via" hanya ce. "Rupta" kuma daga aikatau "rumpere" take, wato fasawa ko karyawa. In ka haɗa su, ka sami "hanyar da aka fasa". A nan sai ka yi hattara, domin idan Bahaushe ya ji "fasasshiyar hanya" abin da zai zo masa a rai shi ne hanyar da ta lalace, mai ramuka, wadda ruwa ya cinye. Rumawa ba haka suke nufi ba. Abin da aka fasa shi ne dajin, ko dutsen, ko ƙurmin da ya tare gaba, har aka fitar da wurin wucewa a inda da babu.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan aikin da idonsa. Ina tuna yadda bayan damina ta ja baya mai unguwa kan sa a yi shela, washegari da sassafe magidanta da samari su fito da adduna da gatura da fartanyu. Gamba ta rufe hanyar kasuwa har jaki da kaya ba ya iya wucewa, sarƙaƙiya ta miƙo hannu daga gefe biyu, wani wurin kuma zaizayar ruwa ta yanke hanyar gida biyu. Masu adda a gaba suna sara, masu gatari suna tumɓuke kututture, mu yara a baya muna jan ƙaya muna zubarwa a gefe. Kafin azahar sai ka tsaya ka hangi hanya ta miƙe fes, jar ƙasa a tsakiyar kore. In da Barume ya tsaya a wurin, abin da zai kira ta ke nan, "via rupta". Mu kuma mukan ce an sare hanya, ko an keta daji.

Da tafiya ta yi tafiya sai bakin mutane ya yar da "via", ya riƙe "rupta" ita kaɗai, siffar ta maye gurbin sunan. Hausa ma tana yin haka. Da ana cewa hanyar kwalta, yau direba yakan ce "mun hau kwalta", kowa kuma ya gane. Ita "via" ɗin ba ta mutu ba. Tana nan a Turanci har yanzu tana aikin da "ta" ke yi mana, shi ya sa a takardar jirgin sama za ka ga an rubuta Jidda "via" Alƙahira, wato ta Alƙahira.

To me ya sa titi bai dace ba? Saboda titi abu ne da za ka taka da ƙafa, ka auna faɗinsa, ka ga inda ya fashe. "Route" a Turancin yau tsarin tafiya ne, daga ina, ta ina, zuwa ina. Ka tsaya a tashar motocin Katsina ka saurara. Tsohuwa za ta leƙa ta taga kafin ta ba da kuɗi, ta ce wa kwandasta, "Yaro, ta ina za ku bi?" In ya ce ta Bichi da Kankiya, ta shiga. In ya ce ta Kazaure da Daura, ta sauke ƙullin kayanta ta jira wata. Amsar da tsohuwar nan take nema ita ce "route". Tituna da yawa kan haɗu su ba da "route" guda, kuma jirgin sama da na ruwa suna da nasu alhali ba sa taka titi ko ɗaya. Mashahuriyar Route 66 ta Amurka ma haka take. A 1926 aka ɗauki hanyoyin da yawancinsu suna nan tun da, aka jona su, aka ɗora musu lamba ɗaya daga Chicago zuwa Los Angeles, tafiyar kusan kilomita 3,900. A 1985 aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasar. Lambar ce aka soke, sassa da yawa na titin suna nan ana bin su.

Kakanninmu fatake sun san wannan ma'anar sarai. Hanyar Gwanja da ake bi a sayo goro ba shimfiɗaɗɗen titi ba ce. Jerin zanguna ce da mashigan ruwa da garuruwan da ake biyan fito. Ayari ya tashi daga Kano ko Katsina, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Yandi ya sauka Salaga, a ƙasar Ghana ta yau, tafiyar watanni. Madugu ne ke riƙe da wannan tsari a kansa, shi zai ce bana ta nan za a bi saboda can akwai mahara. Unguwannin da ake kira zango a biranen Ghana har gobe sawun wannan tafiya ne.

Saboda haka a sanarwarka ka rubuta "hanya", ita ce kalmar da ta ɗauki ma'anar duka biyu. In ma za ka bi ta tawa, sau da yawa ba ka bukatar suna ko kaɗan, ɗan harafin nan "ta" ya ishe ka: "Daga ranar Litinin motocinmu na Katsina ta Daura za su riƙa bi." Fasinja ba zai sake tambaya ba.

Tunda ka taɓo titi, ba zan wuce ba sai na faɗa maka labarinsa, don yana cikin labaran kalmomi da suka fi burge ni. Titi aro ne daga "street" ta Turanci. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su taru a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu, don haka ko dai ya cusa musu wasula, kamar yadda ya yi a sitiyari, ko ya zubar da wasu, kamar yadda ya faru a nan. Wasu masana suna ganin ta bakin Yarabawa kalmar ta iso mu, don su ma haka suke faɗinta. Ita "street" kuma daga "via strata" take, wato shimfiɗaɗɗiyar hanya, irin wadda Rumawa ke haƙa ƙasa, su zuba duwatsu da tsakuwa hawa-hawa, sannan su jera faffaɗan duwatsu a sama. Via Appia, wadda aka fara a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, ta tashi daga birnin Rum zuwa Capua, daga baya aka miƙa ta har Brindisi, kuma akwai sassanta da mutane ke takawa har yau. Jamusawa suna cewa "Strasse", mutanen Italiya suna cewa "strada", duk daga wannan tushe. Ka ga ke nan Rumawa sun bar wa duniya sunaye biyu, ɗaya na fasawa, ɗaya na shimfiɗawa. Ta uku, "road", ta Turawan Ingila ce ta gado. Asalinta hawan doki ne, 'yar uwar "ride", kuma "raid" da ke nufin kai hari daga gidan nan ta fito. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta koma nufin wurin da ake yin hawan a kai.

Ga abin da ya sa na ce labarin yana burge ni. Masana harsuna da yawa suna ganin "strata" ɗin nan ita ce ta bi ta harshen Girka da harsunan ƙasar Sham ta shiga Larabci tun kafin Musulunci, ta zama kalmar da muke furtawa a Fatiha kowace raka'a, "ihdinas siraɗal mustaƙim". Daga nan Hausa ta sami siraɗi. Harafin ɗamisa hannu na Larabci "ɗ" yake komawa a bakinmu, kamar a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi da ɗariƙa. Kada wani ya ɗauka wannan zancen Turawa ne kawai. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, malamin da har wasiƙa ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas, ya kawo a cikin Al-Itƙan cewa an ruwaito daga Naƙƙash da Ibnul Jauzi cewa kalmar tana nufin hanya a harshen Rum. Akwai kuma malaman luga na Larabawa da suka tafi a kan cewa Larabci ce tsantsa, daga "saraɗa", haɗiyewa, domin hanya tana haɗiye matafiya, kuma ƙira'ar Ƙunbul da ke karanta kalmar da sin tana tafiya da wannan fahimta. Ra'ayi biyu ne na manya, ni dai hankalina ya fi kwanciya da na farko. Idan shi ne daidai, to titin da ka taka ka je masallaci da siraɗin da kake roƙon Allah ya ƙetarar da kai, kalma ɗaya ce ta shigo Hausa sau biyu, sau ɗaya ta hannun malamai, sau ɗaya ta hannun 'yan mulkin mallaka, da ɗaruruwan shekaru a tsakani.

Namu na gida kuwa ba su cika damuwa da yadda aka yi hanyar ba. Sun fi duba wa ke bin ta da abin da ya kewaye ta. Gwadabe babbar hanya ce mai faɗi. Turba ta ƙafa ce, ko da yake yanzu an fi jin ta a bakin 'yan siyasa da masu wa'azi, a ce an ɗora yaro a kan turba ta gari. Tafarki ya koma kusan na addini da rubutu. Kwararo da lungu na cikin gari ne, tsakanin katangu. Wadda ta fi damuna ita ce burtali, hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki, a da akan yi mata shinge da aguwa ko bi-ni-da-zugu don kada dabba ta leƙa ta ci shuka. Na sha tambayar ɗalibai 'yan birni ma'anarta, kaɗan ne ke sani. Kalmar tana ɓacewa ne saboda abin da take nufi yana ɓacewa. An nome burtali an haɗe shi da gona, an toshe labi, makiyayi ya zo da garke ya tarar da dawa a inda ubansa ya saba wucewa. Duk wanda ke bin labarin rikicin manoma da makiyaya ya san wannan kalma ba ta ƙamus ce kawai ba.

Tambaya ta biyu daga wata malamar firamare ce a Maraɗi. Ta ce: "Mu nan kullum muna jin 'route' a Faransanci. Na yi mamaki da na gan ta a littafin Turanci na ɗana da ke karatu a Katsina. Wa ya ara daga wa? Kuma me ya sa na ji wani Ba'amurke yana cewa 'raut'?"

Malama, taku ce ta fari. Ku da kuke hawa Route Nationale 1 daga Yamai ta Doso da Birnin Ƙonni, ku wuce Maraɗi da Damagaram har Diffa, kuna faɗin kalmar kusan yadda Faransawa suka miƙa wa Ingilishi ita. Dalilin aron kuwa yaƙi ne. A 1066 William na Normandi ya haye teku daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu mulki na tsawon ƙarnuka, talakawa suna Ingilishinsu a ƙasa. Dubban kalmomi suka gangaro, "route" tana cikinsu, ana samun ta a rubutun Ingilishi tun ƙarni na 13. Abin da ya faru da Ingilishi a lokacin shi ne ya faru da Hausa sau biyu, a hayinku da Faransanci, a hayinmu da Turanci, shi ya sa ku ce lakwal mu ce makarantar boko, ku ce kamyo mu ce babbar mota.

Akwai ɗan bambanci da ya kamata ki nuna wa yaron. A Faransanci "route" tana nufin titin kansa, wanda ke haɗa gari da gari, ban da na cikin gari da ake kira "rue". Idan Bafaranshe yana nufin tsarin tafiya, sau da yawa "itinéraire" zai ce. Turanci kuwa, da yake yana da "road" da "street" tun da, sai ya ware wa baƙuwar kalmar ma'anar tsarin tafiya. Yaron da ya tashi da Faransanci yakan faɗa wannan rami a jarrabawar Turanci.

Batun furuci kuma, duka biyun daidai ne. Ingila "rut" take cewa. A Amurka ana jin "rut" ana jin "raut", ya danganta da yanki da kuma bakin mai magana. Furucin Amurka ne ya biyo na'urar nan ta intanet da muke kira rauta, mai aikin zaɓa wa kowane ƙunshin saƙo hanyar da zai bi har ya isa.

Dangin "rupta" suna da yawa a harsunan biyu, kuma da zarar kin riƙe ma'anar fasawa da karyawa za ki gane su. "Routine" ita ce hanyar da aka bi aka sake bi har ta zama jiki. "Rout" ita ce rundunar da aka karya ta watse. "Rupture" tsagewa, "interrupt" katse magana, "erupt" fashewar dutse mai aman wuta, "corrupt" abin da ya lalace gaba ɗaya. Wadda na fi so ita ce "bankrupt", daga "banca rotta" ta mutanen Italiya, karyayyen benci, wato teburin da ɗan canji ke zama a kai a kasuwa. Bahaushe bai taɓa jin Latin ba, amma idan jarin ɗan kasuwa ya ƙare cewa yake ya karye, ya kira abin karayar arziki.

Ta uku gajeruwa ce, daga wani dattijo a Gusau, tsohon direba. Ya ce: "Jikana ya ce karin maganar nan, 'hanyar lafiya a bi ta da shekara', koyar da nawa take yi, kuma ba ta da bambanci da 'sannu ba ta hana zuwa'. Haka ne?"

Baba, jikanka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba" da "sauri ya haifi nawa" magana suke a kan gudu, wato yadda za ka taka hanyar da ka riga ka hau. "Hanyar lafiya a bi ta da shekara" tana tsaye ne a mararraba tun kafin a hau. Hanyoyi biyu ne a gaban matafiyi, gajeruwa mai haɗari da doguwa mai aminci, karin maganar ta ce a ɗauki doguwar. Wanda ya ɗauke ta yana iya yin sauri iyakar ƙarfinsa, babu abin da ya hana shi.

Ginin jumlar ma ya nuna haka. Akwai "ko" da aka haɗiye a ciki, cikakkiyarta ita ce a bi ta ko da za a shekara. Shekarar farashi ce da aka yarda a biya, ba ita ake nema ba. Kalmar da ke ɗauke da nauyin maganar ita ce "lafiya", don haka ma'aikacin da ya danne takardar mutane wata shida a aljihun tebur ba shi da hurumin fakewa da ita, jinkirinsa bai tsare kowa daga komai ba.

Kai ka fi ni sanin wannan a aikace. A shekarun nan direbobin yankinku sun sha barin hanyar da suka saba, su yi zagaye mai cin mai da lokaci, ko su kwana a tasha su jira gari ya waye, saboda labarin da suka ji na abin da ke gaba. Madugun ayarin Gwanja ma lissafin da yake yi ke nan kafin ya ɗaga sanda. Ka ce wa jikan naka ya gwada sa "sannu ba ta hana zuwa" a bakin direban da ya juya kan mota a mararraba ya ɗauki doguwar hanya, zai ji ba ta zauna ba.